An Gudu Ba a Tsira Ba: Yadda Raunin Masu Zamiya a Kan Ƙanƙara Ya Bar Ƙwauri Ya Koma Gwiwa

Ranar 5 ga Fabrairun 2013, a garin Schladming na ƙasar Ostiriya, Ba'amurkiya Lindsey Vonn ta taso daga saman tsauni a gasar duniya ta zamiya a kan dusar ƙanƙara. A wancan lokaci ba macen da ake shakka a fagen kamarta, domin shekara uku kafin nan ta ci lambar zinare a gasar Olamfik ta hunturu a Kanada. Tana cikin gudu ta yi tsalle a kan wani tudu, da ta dira sai gwiwarta ta dama ta lanƙwashe, ta kifa, ta yi ta mirginawa. Da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke ta daga kan tsaunin. Da likitoci suka duba, sai suka tarar jijiyoyi biyu na gwiwar sun tsinke, saman ƙashin ƙwaurinta kuma ya tsage. Kafin shekarar ta ƙare gwiwar ta sake samun rauni, abin da ya hana ta zuwa gasar Olamfik ta 2014 a Rasha.

Da a ce shekara sittin kafin nan ta yi irin wannan faɗuwa, mai yiwuwa ne gwiwar ta tsira, ƙwaurin ne zai karye. A da can, karayar ƙwauri da ta idon sawu su ne tambarin wannan wasa. Yau kuwa gwiwa ce ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na duk raunukan masu zamiya. Tsaunukan ba su canja ba, jikin ɗan Adam ma bai canja ba. To me ya tura ciwon daga ƙasa zuwa sama? Amsar na cikin takalmi da wani ɗan ƙarfe da ke riƙe shi.

Wasan kansa, ga wanda bai taɓa gani ba

Mai zamiya na sanya takalmi mai tauri da ke kaiwa tsakiyar ƙwauri. Kowane takalmi a maƙale yake a kan siririn allo mai santsi, tsawonsa mita 1.5 zuwa 2. Abin da ke haɗa takalmin da allon wani ƙarfe ne mai baki biyu, ɗaya ya kama gaban takalmin, ɗaya ya kama diddige. Za mu kira shi maɗauri. Mutum na riƙe da sanda a kowane hannu, sai ya saki jiki a gangare, nauyinsa ya ja shi ƙasa. In zai juya ko zai tsaya, sai ya karkata allunan, gefensu mai kaifin ƙarfe ya ciji ƙanƙara.

Cibiyar wasan ita ce tsaunukan Alps da suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, sai arewacin Turai, da Amurka, da Kanada, da Japan. A nan Afirka ma ana yi a Maroko da Lesotho, kuma masu zuwa Dubai sun san akwai wani katafaren kanti da aka gina gangaren ƙanƙara a cikinsa.

A ƙididdigar da aka saba samu, cikin kowane mutum 1,000 da suka wuni suna zamiya, 2 ko 3 ne ke jin ciwon da sai an kai su ga likita. Adadin bai yi yawa ba. Matsalar ita ce girman ciwon, kuma gudu ne ke kawo hakan. Wanda ke tafiya kilomita 40 a awa ya yi karo da bishiya, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 6, wato kamar daga rufin bene mai hawa ɗaya. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkawa. 'Yan gasa kuwa sukan haura kilomita 130 a awa. A 2013 Bafaranshe Johan Clarey ya kai kilomita 161.9 a gasar Wengen ta Suwizalan.

Darasin sufanar bakanike

Amma ba sai da gudu ake jin ciwo ba. Da yawa daga masu tsinka jijiyar gwiwa a hankali suke tafiya, wasu ma dab da tsayawa. Don gane dalili, leƙa garejin bakanike. In noti ya cije ya ƙi kwancewa, me yake yi? Sai ya zura bututun ƙarfe a jikin sufana, ya ƙara mata tsawo. Ƙarfin hannunsa bai ƙaru ba, amma notin da ya gagara sai ka ga ya juya.

Allon zamiya shi ne wannan bututu, ƙafar mutum kuma ita ce notin. Daga idon sawu zuwa yatsu bai wuce santimita 20 ba. Daga takalmi zuwa bakin allo kuwa ya kai kusan mita 1. Ka ga ke nan in bakin allon ya saƙale a ƙanƙara, murɗawar da za ta isa ƙafa ta ninka ta tuntuɓen yau da kullum kusan sau 5. Wannan ƙarfi dole ya sauka a wani wuri. Ko dai allon ya rabu da takalmin, ko kuma wani abu a ƙafar ya saki. Duk tarihin raunukan wannan wasa, tarihin neman wurin da ƙarfin zai sauka ne.

Zamanin karayar ƙwauri

A farkon ƙarni na 20, maɗauri ba ya saki ko kaɗan. Ana ɗaure ƙafa tamau da igiyar fata ko wayar ƙarfe. In allo ya juya, ƙafa ta bi shi.

Ƙashi na da juriya in an danna shi ta tsaye, shi ya sa yake ɗaukar nauyinmu ba gajiya. Murɗawa ce ba ya so. Gwada wannan a gida: ɗauki allin rubutu, ka riƙe bakinsa biyu, ka murɗa kamar mai matse wanki. Ba zai karye a miƙe ba, zai tsage a karkace, tsagar ta zagaye shi kamar zanen igiya. Haka ƙashin ƙwauri ke yi, kuma irin wannan karaya mai zagaye ita ce ta cika asibitocin garuruwan tsaunuka a wancan zamani.

Cikin waɗanda ta samu akwai Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norway mazaunin jihar Oregon a Amurka, wanda ya karye a 1937. Ana ba da labarin cewa yana kwance a gadon asibiti ya nemi takarda da fensir, ya zana wani maɗauri da zai riƙe takalmi lokacin tafiya, amma ya sake shi in murɗawa ta yi yawa. Zuwa 1939 ya fara sayar da shi. Dabarar irin ta fiyus ɗin lantarki ce: a sa wani abu mai arha ya riƙa yankewa kafin mai tsada ya ƙone.

Likitoci ma ba su zauna ba. A 1958 wasu likitocin tiyata a Suwizalan, ƙarƙashin jagorancin Maurice Müller, suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da AO, suka buɗe ɗakin bincike a Davos, garin da shi kansa matattarar masu zamiya ne. Su suka tsara yadda ake buɗe karaya a daidaita ƙashi, a ɗaure shi da faranti da kusoshin ƙarfe, don majiyyaci ya fara motsa gaɓa da wuri maimakon ya shafe watanni cikin filasta. In ka taɓa jin an ce an sa wa wani ƙarfe a ƙafa a asibitin ƙashi na Dala a Kano, to tsarin aikin na da tushe a waɗancan tsaunuka.

A shekarun 1960 sai takalmin roba mai tauri ya fara maye gurbin na fata. Ya fi tsayi, ya rungume idon sawu ya hana shi motsi. Raunin idon sawu ya ragu, sai dai wata sabuwar karaya ta ƙaru, wadda ke faruwa daidai bakin takalmin, inda ƙwauri ke lanƙwasa a kansa kamar yadda ake karya rake a gwiwa. Ciwo ya fara hawa sama ke nan.

Abin da aka gano a Vermont

A 1972 likitan ƙashi Robert Johnson, tare da abokin aikinsa Carl Ettlinger, suka fara wani bincike a filin zamiya na Sugarbush da ke jihar Vermont a Amurka. Duk wanda ya ji ciwo a kan tsaunin, sai a rubuta irin ciwon, a kuma gwada kayan da yake amfani da su. Sun shafe sama da shekara 30 suna wannan aiki, shi ya sa alƙalumansu ke da daraja.

Labarin farko mai daɗi ne. Yayin da maɗaurai suka inganta, jimillar raunuka ta ragu da kusan rabi, karayar ƙwauri kuwa ta faɗi warwas. Labari na biyu shi ya ɗaure musu kai: daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, tsinkewar wata jijiya guda a gwiwa ta ninka kusan sau uku. An gudu ba a tsira ba.

Masu bin labarin ƙwallon ƙafa sun san sunanta, ACL. A nan sai mu yi hattara da kalmar jijiya, don a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa. Wannan ba ta jini ba ce, ba kuma mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ba. Igiya ce mai ƙarfi da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Gwiwa na da manya guda huɗu: ɗaya a gefen ciki, ɗaya a gefen waje, biyu kuma a can tsakiya sun gitta juna. Ta gaba cikin masu gittawar ita ce ACL. Tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, faɗinta kamar na ƙaramin yatsa. Aikinta shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko juyawa a ƙarƙashin ƙashin cinya.

Masu binciken suka tattara faifan bidiyon faɗuwar mutane suna kallo ɗaya bayan ɗaya, har suka gano wani salo da ke ta maimaita kansa. Mutum ya rasa daidaito, ya tafi baya kamar zai zauna. Ƙugunsa ya sauka ƙasa da gwiwa, hannu ɗaya ya koma baya. Nauyinsa duka ya taru a kan wutsiyar allo ɗaya, wato ɓangaren da ke bayan diddige. Sai gefen wutsiyar ya ciji ƙanƙara, allon ya juya da kansa, ya murɗe ƙwauri zuwa ciki alhali gwiwa na durƙushe. Suka laƙaba wa abin suna ƙafar fatalwa, domin wutsiyar allon na aiki kamar wata ƙafa da ke kallon baya, wadda ba a halicci gwiwa da shirin ɗaukarta ba.

To ina maɗaurin, me ya hana shi saki? Ai an ƙera shi ne don ya ceci ƙashin ƙwauri. Bakinsa na gaba na buɗewa gefe in gaban allo ya saƙale, na baya kuma na buɗewa sama in mutum ya kifa ta fuska. Ƙarfin ƙafar fatalwa kuwa ta baya yake shigowa, kusa da diddige, inda maɗaurin gargajiya ba ya jin sa sosai. Ƙari a kan haka, abin na faruwa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kafin ƙwaƙwalwa ta umarci tsokar cinya ta kare gwiwa, aikin gama ya gama.

Takalmin ma na da nasa laifin. In mutum ya yi tsalle ya dira a kan wutsiyar allo da ƙafa a miƙe, bayan takalmin mai tauri sai ya ingiza ƙwauri gaba kamar ana jawo aljihun tebur. Ita kuwa ACL aikinta ke nan hana wannan motsi, sai ta ɗauki nauyin ita kaɗai har ta tsinke.

Mata sun fi maza shiga wannan haɗari, kusan ninki biyu zuwa uku. Daga cikin dalilan akwai ƙanƙantar jijiyar da bambancin yadda tsokoki ke riƙe gwiwa. Bincike a Ostiriya ya kuma nuna cewa a cikin waɗanda suka tsinka ACL, mata ne suka fi cewa maɗaurinsu bai saki ba, abin da ya sa wasu masana ke ganin ma'aunin da ake saita musu ya yi tsauri.

Me ya sa ba ta haɗewa da kanta

Ga wani abin mamaki: ƙashi, duk taurinsa, ya fi wannan jijiya saurin warkewa. In ƙashi ya karye, jini na taruwa a wurin ya daskare, ya zama gadar da sabon ƙashi zai bi ya tsiro. Jijiyar gefen ciki ta gwiwa ma haka take, galibi takalmin gyaran gwiwa da 'yan makonni sun ishe ta. Ita kuwa ACL a cikin ruwan gaɓa take zaune, kuma wannan ruwa na narkar da gudan jini kafin ya zama gada. Ga shi jinin da ke isa gare ta ba shi da yawa. Bakin igiyar biyu sai su yi ta lilo ba su haɗu ba.

Wanda abin ya samu yakan ji ƙara "ɓas" a cikin gwiwa, cikin 'yan awoyi ta kumbura da jini. Bayan makonni kumburin ya sabe, ciwo ya lafa, har ya iya tafiya a miƙe. A nan ake ruɗuwa. Ranar da ya zo juyawa da sauri, sai gwiwar ta kufce masa. Kowace kufcewa na iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, kuma bayan shekaru gwiwar na iya kamuwa da ciwon gaɓa irin na tsufa tun mutum na da sauran ƙuruciya.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya. Likita kan gane ne ta hanyar riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko akwai abin da ke tare shi, sannan na'urar MRI ta tabbatar. Ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Wanda ba ya wasan juye-juye na iya rayuwa lafiya da motsa jiki na ƙarfafa cinya a hannun likitocin gashin ƙashi. Wanda zai koma fili kuwa, yawanci sai an yanko wata jijiya daga gaban gwiwarsa ko bayan cinyarsa, a huda ƙashi, a dasa ta a gurbin tsohuwar. Daga nan sai jinyar wata tara ko fiye. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Hannu ma bai tsira ba

Bayan gwiwa, akwai babban yatsan hannu. In mai zamiya ya faɗi da sanda a tafinsa, sandar na ture yatsan waje har jijiyar gindinsa ta yage. Tun 1955 wani likita mai suna Campbell ya bayyana irin wannan rauni a wurin masu kula da dajin farauta a Sikotilan, waɗanda yawan karya wuyan zomaye da hannu ya sassauta musu jijiyar. Ƙaramin ciwo ne a ido, amma in ba a kula ba mutum zai kasa murɗa makulli ko riƙe biro da ƙarfi. A 1962 likita Bertil Stener ɗan Suwidin ya nuna cewa wani lokaci bakin jijiyar na naɗewa ya haye kan wani tantani, yadda ba zai koma mazauninsa ba sai da tiyata.

Masu hawa faffaɗan allo guda, wanda ake ɗaure ƙafa biyu a kansa a tsaya a gicciye, su labarinsu daban ne, kuma yana ƙara tabbatar da maganarmu. Tun da ƙafafun a haɗe suke, da wuya ɗaya ta murɗe ita kaɗai, don haka gwiwarsu ta fi samun sauƙi. Amma ba su da sanda, ba su da ƙafar da za su tokare. In sun tafi faɗuwa sai su kai tafin hannu ƙasa, ƙashin wuyan hannu ya karye. Sababbin shiga ne abin ya fi samu, wasu a ranarsu ta farko. Suna kuma da wata karaya a ƙaramin ƙashin gefen idon sawu da ke kama da targaɗe, wadda sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko.

A koyi faɗuwa

Tun da ƙarfe ya kasa kare gwiwa, masu binciken Vermont sai suka juya ga mutum. Suka tara malaman zamiya da ma'aikatan ceto na filaye 20, suka nuna musu bidiyon yadda ƙafar fatalwa ke faruwa, don su riƙa gane alamunta a jikinsu. Sakamakon da suka wallafa a 1995 ya nuna munanan raunukan gwiwa sun ragu da kashi 62 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka horar.

Darasin bai da wuyar faɗa, aikatawar ce sai da sabo. In ka ji ka tafi baya, miƙa hannuwa gaba, haɗa ƙafafu. In faɗuwa ta zama dole, to ka faɗi, kada ka yi kokawa da ita. Kada ka miƙe ƙafa kana cikin mirginawa, kuma kada ka yi yunƙurin tashi sai ka tsaya cak. Yawancin masu tsinka ACL ba faɗuwar ce ke ji musu ciwo ba, ƙoƙarin kauce mata ne.

Sauran matakan na kayan aiki ne. Ana saita maɗauri da la'akari da nauyin mutum, da tsawonsa, da shekarunsa, da girman takalminsa, da ƙwarewarsa. Wanda ya je haya ya rage nauyinsa don kunya, ko ya cika baki cewa shi gwani ne, kansa ya cuta. Aron kayan aboki ma haka. Masu allo guda su sa abin kare wuyan hannu, kowa kuma ya sa hular kwano. In cinya ta fara rawa don gajiya, a sauka a huta, don tsokar da ta gaji ba ta gadin gwiwa.

Mafi yawanmu ba za mu taɓa hawa waɗannan tsaunuka ba, amma gwiwar iri ɗaya ce. Matashin da ya kafa ƙafa a filin ƙwallon unguwa, jikinsa ya juya ƙafar ba ta bi ba, ya ji "ɓas", gwiwa ta kumbura kafin dare, jijiyar da Lindsey Vonn ta tsinka ce ake zargi. In an ɗauki hoto aka ce masa ƙashi lafiya lau, kada ya ɗauka magana ta ƙare, kuma ja da murza ba sa haɗa wannan jijiya. Ya nemi likitan ƙashi ya gwada gwiwar da hannu kafin ya sake ɗaura takalmin ƙwallo.